Barira Mai Ridi da Takardar Kano

A Toranke Barira uku ne, amma da ka ce mai ridi, ko ka ce guntuwa, an gane wadda kake nema. Sunan farko na sana'a ne, shi take amsawa. Na biyun tun tana yarinya a Kademi aka liƙa mata shi, kuma shekara talatin da tara ba ta taɓa waiwayawa don an kira ta da shi ba. Wanda ya yi gigin faɗa a gabanta, sai ta dube shi tun daga takalmi har hula, a hankali, kamar mai tayin akuya, sannan ta ci gaba da aikinta.

Gajera ce, wannan ba a musu. Idan za ta yi daka sai ta taka kututture kafin taɓarya ta zauna mata daidai. Amma a gyaran ridi ba ta da na biyu daga Ajingi har Gaya. Fatake ne ke kawo mata buhuna har gida, ta shiƙe, ta rairaye, sannan ta zauna ta bi abin da ya rage da hannu. Uwarta ce ta koya mata, ita ma da wannan sana'ar ta ci abinci har ta rasu. Buhun da aka ce daga gidan Barira ya fito, mai saye ba ya ɓata lokacin zura hannu.

Abin da bai zauna mata ba shi ne haihuwa. Aurenta na fari a Kademi shekara bakwai ya yi, ɓari biyu, sannan aka sallame ta da addu'a da kayan ɗakinta. Daga baya Datti, wani manomi a Toranke da matarsa ta rasu ta bar masa 'yan mata biyu, ya aure ta. Ta reni yaran har ta kai su ɗakin miji, a tsakani kuma ta sake ɓari biyu. Na ƙarshen a gona ya same ta, lokacin girbin gero, ta dawo gida da ƙafarta, ba ta bari kowa ya riƙe ta ba. Datti mutumin kirki ne, ba ya faɗa, ba ya gori. Aibinsa dai saurin ruɗewa, abu kaɗan sai ya rasa inda zai sa kansa.

Da farkon daminar bara, bayan kowa ya daina zancen, har ita kanta, sai ga ciki.

Ƙanwarta Adawiyya malamar jinya ce a wani asibitin kuɗi a Kano. Tana jin labari ta hau mota ta zo.

"Yaya, shekaru sun ja, ga ɓari huɗu. Wannan karon ba za mu zuba ido ba. Ki shirya mu tafi."

A can aka yi mata hoton ciki, aka auna jini, sannan Adawiyya ta sa aka yi mata wani sabon gwaji, wanda ake ɗibar jinin uwa a leƙa halittar abin da ke cikinta. Barira ba ta tsaya dogon tambaya ba, ta miƙa hannu. Da aka ce mata jinin zai hau jirgi zuwa wata ƙasa, ita da ko Abuja ba ta taɓa zuwa ba, sai ta yi wa kwalbar Allah ya kiyaye hanya, ta dawo kan ridinta.

Bayan sati biyu sakamako ya fito. Adawiyya ta tura hoton takardar a wayar Datti, haɗe da saƙon murya: su zo Kano likita ta yi musu bayani, kuma kada a nuna wa kowa. Datti ya ji muryar Adawiyya ba kamar kullum ba, hankalinsa ya tashi. Maimakon ya shiga gida wurin mai cikin, sai ya tashi babur ya nufi Ajingi.

Ƙaninsa Usaini yana da kemis a can. Tun da ya fara yi wa mutane allura aka ɗora masa sunan Dakta, shi kuwa bai taɓa cewa a sauke ba. Ya karɓi wayar, ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya gyara tabarau. Takarda ce cike da Turancin asibiti wanda bai taɓa gamuwa da shi ba. Kalmomi uku kacal ya gane: mai nufin jinsi, mai nufin tawaya, da mai nufin hatsari, wadda aka rubuta da ja. Da ya ce bai gane ba, da an wuce wurin. Amma ga mutum biyu a kan benci suna jiran maganin zazzaɓi, ga kuma sunan Dakta a wuyansa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji shi. "Yaya, sai haƙuri. Abin da ke cikin nan ba mace ba ne, ba namiji ba ne. Mata-maza ne."

Kafin babur ɗin Datti ya iso Toranke, maganar ta riga shi. Barira tana tsakar gida da faifai a hannu wata maƙwabciya ta shigo da fuskar jaje, tana cewa ashe haka Allah ya yi. A bakin matar nan ta fara jin abin da aka ce yana cikinta. Ta gama faifan da ke hannunta, ta ɗaure bakin buhu, ta jira mijinta.

Bayan la'asar aka taru a sashen Inna Hanne, mahaifiyar Datti. Tsohuwar ba muguwa ba ce, tsoro ne ya cika ta. Ta ce ita dai tana tunanin ranar suna, da ranar da za a sa yaro makaranta, da ranar da zai rasu a rasa wa zai yi masa wanka, maza ko mata. Usaini ya gyara murya ya ce cikin bai cika wata huɗu ba, ya ji ana cewa kafin nan ba a busa rai ba, kuma ya san inda ake irin wannan aikin cikin rufin asiri. Saura sati biyu, don haka kada a tsaya wasa. Datti ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

"Inna, ki gafarce ni," in ji Barira. "Ciki huɗu sun fita daga jikina, ba wanda ya nemi izinina. Wannan ya zauna, shi ne kuma za a ce in kore shi da hannuna, saboda hoton takarda a waya?"

Sannan ta juya wurin Usaini. Shekara goma sha uku suna wasan ƙanin miji da matar wa, yana ce mata matarsa ta aljihu, tana ce masa mijin kwali da kwalba. Ran nan ba ta yi wasa ba.

"Malam Usaini."

Kowa a tsakar gidan ya ji wannan Malam ɗin, shi ma ya sha jinin jikinsa.

"Kalma nawa ce a takardar nan?"

"Ai suna da yawa."

"Nawa ka sani a ciki?"

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

"To wallahi ba mai taɓa mini ciki. Ko me ke ciki, nawa ne. Wanda ya rubuta takarda shi zai karanta mini ita."

Washegari da sassafe suka hau mota, ita da Datti, ta Gaya da Wudil har Kano. A hanya gabanta yana ta faɗuwa, don taurin kai ba ya korar tsoro, rufe shi kawai yake yi. Likitar da Adawiyya ta kai su wurinta mace ce, Dakta Naja'atu, mai magana a hankali. Ta ce jikin kowane mutum da wasu ƙananan ƙwayoyi aka gina shi waɗanda ido ba ya gani, a cikin kowace ƙwaya kuma akwai wasu zaruruwa bibbiyu da ke ɗauke da tsarin halitta. Biyu daga ciki su ne na jinsi. Mace tana da iri ɗaya guda biyu, ana kiransu X. Gwajin ya ga kamar ɗaya ya gaza.

"Likita, ni dai tambayata ɗaya. Mace ce ko ba mace ba?" in ji Barira.

"Mace ce mana. Ko da gwajin ya yi daidai, mace ce. Wa ya ce miki ba mace ba ce?"

"Wani Dakta," in ji Barira, ta dubi mijinta. Datti ya ɗaga kai yana nazarin fanka.

Likitar ba ta ɓoye musu komai ba. In abin gaskiya ne, yarinyar za ta iya zama gajera, za a riƙa duba zuciyarta, za ta iya buƙatar magani lokacin balaga, haihuwa kuma tana iya yi mata wuya. Wasu cikin irin wannan ma da kansu suke zubewa.

"Amma ku saurare ni da kyau," ta ce. "Gwajin nan ba ya yanke hukunci. Ba jinin jaririyar aka ɗiba ba. Ɓurɓushin mabiyiya ne da ke yawo a jininki, a gauraye da naki. A wannan matsalar musamman, in aka tara mata goma da aka ba su irin takardar nan, fiye da rabinsu lafiya ƙalau suke haifar 'ya'yansu."

Barira ta juya maganar a ranta. Can sai ta ce, "Likita, ki ce mini rariya ce."

"Kamar yaya?"

"In na rairaye ridi, abin da ya tsaya a sama ba duka ne tsakuwa ba. Akwai tsakuwa, akwai ƙullin ƙasa, akwai kuma ridi mai kyau da ya manne da ɗan'uwansa. Wadda ba ta iya ba sai ta watsar duka. Ni kuwa zama nake in tsince."

Dakta Naja'atu ta ajiye biro ta yi dariya. Ta ce shekara da shekaru tana neman yadda za ta faɗi wannan da Hausa, ashe a Toranke yake. Sannan ta ce tsintar tana nan: idan cikin ya ƙara kwana, ana iya sa siririyar allura a ɗebo ruwan da jaririyar ke kwance a ciki, shi ne zai faɗi gaskiya. Sai dai akwai ɗan hatsarin ɓari, kaɗan ne ƙwarai.

"Kaɗan ɗin nan nawa ne?"

"Bai kai mace ɗaya cikin ɗari ba."

"Ni na saba zama ɗayar," in ji Barira. "Ba za a soka ba."

Likitar ba ta matsa mata ba. Sai dai ta tsaya tana kallonta, tun daga kai har ƙafafun da ke lilo ba su taɓa ƙasa ba. Ta tambaye ta ko iyayenta gajeru ne. Barira ta ce a'a, ga Adawiyya nan kamar dogonyaro. Ta tambayi shekarar da ta fara al'ada, ta tambayi wata nawa kowane ciki ya yi kafin ya zube. Daga nan ta ce tana so a sake ɗibar jini, amma wannan karon halittar Barira ce da kanta za a duba.

Sati biyun Usaini suka zo suka wuce, ciki yana nan daram. Barira ta ci gaba da zuwa famfo da rana tsaka, lokacin da mata suka fi yawa, ta ɗaure zaninta yadda kowa zai ga abin da yake son gani. Wadda ta yi mata sannu da muryar ta'aziyya sai ta ce, "Wa ya rasu?" Fatake biyu suka daina kawo mata buhu, wai matansu sun ce hannunta akwai abin tsoro. Bayan wata ɗaya suka dawo da kansu, don ridin da aka gyara musu a wani gida har da kashin akuya aka samu a ciki.

Da sakamakonta ya fito ta koma Kano, likitar ta zaunar da ita ta faɗa mata. Yawancin ƙwayoyin jikinta suna da zaren nan guda biyu, amma wasu ɗaya kawai gare su. Da alama tun daga cikin uwa haka take. Shi ya taƙaita tsayinta, kuma mai yiwuwa shi ya jawo ɓarin. Akwai kyakkyawan zato cewa nata gwajin farko ya hango, ba na jaririyar ba, amma ba za a ce tabbas ba sai an haife ta. Za a duba zuciyar Barira, a riƙa auna hawan jininta, kuma a asibiti za ta haihu, ba a gida ba.

A mota ta yi kuka tun daga Kano har Wudil. Ta tuna an ce mata mayu ne, an ce iska ce, an ce yawan daka ne, an ce taurin kanta ne. Ta tuna rubutun da ta sha, da turaren da ta shaƙa har ta riƙa tari, da ranar da aka fitar da kayan ɗakinta a Kademi. Ashe ba laifin kowa ba ne, ba kuma nata ba. Daga Wudil zuwa Gaya kukan ya ƙafe, fushi ya maye gurbinsa. Tana sauka ba ta shiga ɗakinta ba, sai sashen Inna Hanne, ta sa aka kira Usaini a waya aka sa shi a sifika.

"Inna, abin da kuka ce a zubar, an gano shi. Ga shi nan tsaye a gabanki. Ni ce. A jinina takardar ta gan shi. Shekara goma sha uku ina tuƙa muku tuwo, na reni jikokinki na aurar, na yi jinyarki da kika karye. In irina ne bai cancanci a haifa ba, sai ki faɗa mini yanzu in ji da kunnena."

Tsohuwar ta fashe da kuka tana a yafe mata. A waya kuwa ba a ji komai ba sai ƙarar janareta.

Da zafi ya fara shigowa aka yi mata tiyata a Kano, aka ciro mace, mai ƙarar murya. Aka ɗibi jinin jaririyar don a tabbatar, aka ce sakamako sai bayan wasu makonni. Ranar da suka dawo Toranke, 'yan barka har daga Gafasa, matan da ba su taɓa taka gidan ba. Kowacce na son ta taya wankan jaririya, kowacce idonta a kan zani. Barira ta bar ungozoma ta yi wankan a tsakar gida kamar na kowace jaririya, ba ta ɓoye ba, ba ta kuma nuna ba. Da suka ga babu abin kallo sai maganar ta sauya riga, aka koma cewa ai abin a ciki yake, sai ta girma zai fito. Ran suna aka raɗa mata Hauwa'u.

Wata Juma'a da hantsi Adawiyya ta zo da takarda ta uku, a hannu wannan karon, cikin ambulan. Ta karanta musu su biyu a ɗaki. Hauwa'u lafiya ƙalau, zarenta biyu cif.

Datti ya yi sujada a kan tabarma. Yana tashi ya ɗauki takardar ya cusa a aljihu, ya sa hula. Ya ce yau bayan an sauko daga masallaci zai tsayar da mutane, Usaini da bakinsa zai karanta, kowa ya ji, a wanke masa 'ya.

"Malam, zauna," in ji Barira.

"Ai lokaci na tafiya."

"Usaini ya je ya ce ya yi kuskure, wannan wankinsa ne, ya yi abinsa. Amma takardar nan ba za ta fita daga ɗakin nan ba."

"Haba Barira! Wata nawa suna cin naman yarinyar nan? Yau ga hujja a hannu, a ce mu yi shiru?"

"To ka tsaya gaban jama'a ka ce 'yarka ta tsira. Daga me ta tsira?"

"Daga abin nan mana."

"Daga zama irina."

Datti ya tsaya da hannu a aljihu.

"Da takardar ta zo da akasin haka fa? Sai ka ɓoye ta a ɗaki, ko sai ka je ka ba su haƙuri? Yarinyar nan ba ta yi laifi ba, balle a wanke ta. Ni ma ban yi ba. Mun san abin da muke buƙatar sani don lafiyarta, ya ishe mu. Su kuma da ba su biya mini ko ciwon naƙuda ɗaya ba, ba su da haƙƙin jin abin da ke cikin jinin 'yata."

Adawiyya ta yi kamar tana gyara kayan jaririya. Can Datti ya zaro takardar ya ajiye a kan gado, ya fita masallaci hannu sake.

Bayan an sauko, Barira tana jin hayaniyar maza sun zauna a ƙofar gida kamar kowace Juma'a. An ga motar da ta sauke Adawiyya, an kuma ga ambulan ɗin takardar a hannunta, don a Toranke ba abin da ke shiga gida ba a gani ba. Datti ya shigo bai dube ta ba, ya ɗauki Hauwa'u daga kan katifa, ya rungume ta a kafaɗa ya fita. Barira ta lallaɓa da ciwon ɗinkinta har bakin zaure ta tsaya a bayan ƙyaure.

Aka yi ta masha Allah, aka yi ta Allah ya raya. Sannan wani dattijo ya yi gyaran murya.

"Malam Datti, mun ji an zo da takarda daga Kano. To, me ta ce?"

Barira ta dafe bango, tana jin mijinta yana jan numfashi.

"Ga ta nan a hannuna, Alhaji," in ji Datti. "Sunanta Hauwa'u. Uwarta Barira."